Fuskar Marlys a Sabon Talabijin

A wani kantin kayan lantarki da ke garin Duluth na Amurka Tobias Krueger ya fara ganin Annika Lindgren, a shekarar da tashoshi suka shiga sauya hotonsu zuwa sabon nan mai kaifi. Tana tsaye gaban bangon da aka jera talabijin, duk suna nuna kifi guda yana iyo, ta rasa abin da ya raba mai lamba 720 da mai 1080. Tsohon akwatin iyayenta ya fara gazawa, ita aka aiko.

Tobias malamin makaranta ne, ba ma'aikacin kantin ba, amma ya daɗe yana zuwa kallo ba ya saye, abin da a ganinsa ya mai da shi masani. Ya matso ya bayyana mata cewa na farko ya ishi mai zama nesa, na biyun kuwa ba ya ɓoye komai, har gashin gira. Ta tambaye shi wa ke bukatar ganin gashin gira. Shi kuwa sai ya nemi lambar wayarta. Ta fita ba ta sayi komai ba.

Da yamma ya rubuta mata: "Na yi tunani a kan tambayarki. Ni ne nake bukata, in dai naki ne."

Ta mayar: "Malam Tobi, Allah ya shirye ka. Asabar ba ni da aiki."

Kafin ƙanƙara ta sauka ya koma kiranta Nika tawa, ita kuma ta daina gyara masa.

Mahaifiyarta, Marlys, ba ɓoyayya ba ce. Tun kafin a haifi Annika take gabatar da shirin girki a ƙaramar tashar garin, kuma mata da yawa sun yi imani ba ta tsufa. Da aka gayyaci Tobias cin talo-talon ranar godiya, bikin da dangi kan taru duk shekara a Amurka, ya san ba a zuwa hannu rabbana. Wasu sukan kawo waina, wasu furanni. Shi ya kawo talabijin mai 1080, mai faɗin ƙofar ɗaki, don a ga surukarsa ta gobe yadda ta cancanta.

Aka haɗa shi daidai lokacin da tashar ta sako shirin Marlys na ranar, wanda aka ɗauka tun farkon mako. Dangi suka taru da faranti a hannu.

Fuskar Marlys ta cika allon. Ga hoda kwance a kumatunta kamar an shafe bango, ga tamoji a gefen ido, ga iyakar inda rini ya tsaya furfura ta kama. Talo-talon da take yabo ma ya bayyana ɗanye ne, an goga masa launi da burushi. Wata goggo ta sa tabarau, ta duba allon, ta duba Marlys, ta cire. Arlen, maigidan, ya tsaya da cokali a iska, bai kai baki ba.

Marlys ta ajiye ludayi a hankali. "Yaro, wa ya aiko ka?"

Ya shiga bayanin yawan layukan hoto. Ba a taɓa yin bayanin da ya fi wannan rashin amfani a gidan ba.

Daga ranar ta haramta a ambaci sunansa. Ta ce wanda ya tozarta ta a gaban dangin mijinta tun bai shigo ba, ba ta san abin da zai yi in ya shigo ba. Ta fara gayyato Brent, mai ɗaukar hoton shirinta, wanda ya ƙware wajen sassauta fitila, tana zaunar da shi kusa da Annika. Annika ta yi shiru da waya don kada ta ƙara wa uwarta zafi, Tobias kuwa ya ɗauki shirun a matsayin sallama.

Ya rubuta: "Nika tawa, gobe zan zo in ɗauke talabijin ɗin in musanya da ƙarami. In kin ce kada in ƙara dawowa, zan ji."

Ta mayar: "Wa ya ce maka haka? Ka zo. Amma ka ajiye mota inda za ka fita da sauri."

Ya sami Arlen zaune dab da allon, ya jawo kujerarsa gaba, yana kallon maimaicin shirin. Tobias ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya sunkuya zai zare waya.

"Sake ta," in ji Arlen.

"Baba, ai shi ne ya jawo duk wannan."

"Shekara da shekaru ina kallon wata baƙuwa a akwati, ana ce mini matata ce. Kyakkyawa ce, ban musa ba, amma ban san ta ba. Wannan kuwa ita ce nake shan kofi da ita da safe. Ka ga layin nan na gefen bakinta? Ina nan aka yi shi. Ni ne ma sanadin rabinsa."

Marlys tana bakin kicin, ba wanda ya lura da ita. Ta ce da mijinta tsoho ne marar kunya, ta ce da Tobias ya tashi daga ƙasa kafin ya lalata mata darduma, sannan ta tambaye shi ko ya ci abinci. Annika, da ke saman bene tana leƙe, ta zauna a kan matakala.

Da bazara aka ɗaura auren a cocinsu. Marlys ta zo da furfurarta a fili, lamarin da ya girgiza matan garin fiye da komai a shekarar. Ta riƙe hannun ango ta ce ta ba shi 'yarta, da sharaɗin ya riƙa shawara kafin ya yi kyauta.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya kuma ja kwanansu su tsufa a gaban juna.