Inda Tsoron Sa'idu Ke Sauka

Kowa a Sevran ya san fuskar Sa'idu ba ta iya ɓoye komai. In ya ji daɗi, haƙora waje. In ya tsorata, leɓensa na ƙasa ya kama rawa kamar na mai zazzaɓi. Ɗan Maradi ne, ya zo Faransa karatun lissafi, ya gama, ya samu aiki a wani kamfanin inshora a Bobigny. Ga matarsa Shafa'atu, ga 'yarsu Najla mai shekara shida, ga ƙanensa Ilya, ma'aikacin kantin magani, suna zaune lafiya. To, me ya rage? Amma ɗan Adam, kai!

Abin ya faro daga wani Bature, Mushe (wato Malam) Orsat na Lyon, gwanin kartar nan da ake kira poka. Kullum a cikin jirgin RER Sa'idu na duƙe kan waya yana kallon wasansa, har ya sha wuce tasharsa. Ya sayi littattafan mutumin guda uku, ya haddace. A faɗi gaskiya, caca haramun ce, amma littattafan nan ba wawa ya rubuta su ba. Suna koya maka ka aje katinka sau takwas cikin goma, kar ka zauna da kuɗin cefane, ka rubuta kowane wasa da lokacinsa, ka san sanda za ka tashi. Sa'idu ya iya lissafin kamar ruwa. Amma da ya zauna a teburin wani gidan caca a Paris, leɓen ya tona shi. Kowa ya kalle shi ya san abin da ke hannunsa.

Ranar wata Asabar da azahar, ya je unguwar Château Rouge sayen busasshen kifi. A bakin metro, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, wani ya danƙa masa 'yar takarda, irin wadda bokaye ke rabawa. Kowa yar da ita yake yi. Shi sai ya sa a aljihu, ya nemi adireshin da ke jikinta.

Ta bayan wani shagon kitso aka bi da shi, aka sauka matakala sha biyu zuwa ƙarƙashin ƙasa. Sanyi ya fara dukansa, sannan warin tsohon jini da jiƙaƙƙen gashi. Ba taga, sai kyandir ɗaya baƙi. Ƙwarya-ƙwarya jere a jikin bango, kowace an rufe ta da jan ƙyalle, kuma wallahi ƙyallayen suna motsi sama da ƙasa, a hankali, kamar ana numfashi a ƙarƙashinsu. Boka na zaune kan fatar baƙin bunsuru, tsoho ne mai ido ɗaya fari fat. Sa'idu ya yi sallama.

"Leɓenka ya riga ya gaya mini," in ji bokan. "Zauna, yaro."

"Baba, so nike tsoro ya bar ni. Nawa zan biya?"

"Aje kuɗinka. Mutum nawa ke cin tukunya ɗaya da kai?"

"Uku. Amma Baba, ba na son jini. Ba na ba da kowa."

"Wa ya ce jini? Ko gashin kansu ba na so. Ni dai ba na kashe tsoro. Ɗauke shi nike, in aje wani wuri."

"Ina?"

"Ka zo tambaya ko ka zo arziki? Ga ƙofa can."

Sa'idu ya dubi ƙofar. Ya tuna Orsat, da yadda jama'a ke miƙewa suna masa tafi. Bai tashi ba.

Aka tura masa ƙwarya cike da baƙin ruwa, aka ce ya tsoma fuskarsa, ya kira sunayen ukun a cikin ruwan. Ya kira. Da ya ɗago, ya ga fuskarsa ta zauna a kan ruwan, ba ta ɗago tare da shi ba, leɓenta na rawa, idanunta na roƙonsa. Boka ya rufe ta da jan ƙyalle, ya jera ta da sauran.

Daga ranar, tsoro kan taso masa daga ciki, ya hau har maƙogwaro, sai ya ji wani sanyi ya zuƙe shi, shuuu, ya ɓace. Fuska sumul. Lissafi ga shi, fuska ga ta. Wa zai tare shi? Cikin wata biyar ya aje aiki, ya sayi mota, ya fara gini a Maradi.

Sai gidan ya fara lalacewa. Shafa'atu na cikin girki sai ta saki ludayi ta fasa ihu, jiki na ɓari, ba ta san dalili ba. "Abban Najla, mi ke faruwa da ni? Ba abin da na gani, amma ji nike kamar za a yanka ni!" Ya dube ta da fuskar nan tasa, ta ja da baya. "Daina kallona haka. Wannan ba fuskar da na aura ba ce."

Wata Laraba da la'asar ya tura duk abin da ke gabansa tsakiyar teburi, abin da suke kira tapis, alhali ba shi da komai a hannu. Tsoro ya taso kamar zai fasa masa ƙirji, sanyi ya zuƙe shi, ya ci. A daidai lokacin Ilya na miƙa wa wata tsohuwa magani, ya ƙwalla ƙara, ya faɗi. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. Saurayi lafiyayye ɗan shekara ashirin da bakwai! Masu wanka suka kasa rufe masa ido.

Bayan sadakar bakwai Sa'idu ya buɗe littafin da yake rubuta wasanninsa, kamar yadda Orsat ya koyar. Tapis, ƙarfe huɗu da minti goma. Takardar asibiti: ƙarfe huɗu da minti goma. Ya bi ranakun ihun Shafa'atu ɗaya bayan ɗaya, ko guda bai kuskure ba. Ganin haka ya tayar masa da firgicin da bai taɓa ji ba, kuma kafin ya ankara sanyin ya zuƙe shi. Daga kicin ya ji faɗuwar tukunya. Tun ranar Shafa'atu ba ta sake gane kowa ba. Tana asibitin masu taɓin hankali, zaune, ido a buɗe. Ta cika, ba wurin zuba wani tsoron.

Ya ruga Château Rouge. Bayan shagon kitson ba matakala, sai bango da kwalayen gashin kanti. Ya rantse ya bar karta, ya kai Najla wurin maƙwabciyarsu Hajiya Ramatou.

Wata biyu ya yi bai taɓa karta ba. Sai aka gayyace shi babbar gasa a Lyon, kuma Orsat zai zauna. Jama'a, mai hankali zai je? Ya ce wa kansa ai lissafi zalla zai bi, ba abin tsoro. Ya je.

Ya yi ta ci har suka rage su biyu a teburi, shi da gwaninsa. Aka ba da hutu. Orsat ya matso da kofin gahawa, yana dariya.

"Mushe, shekara talatin ina wannan sana'a, ban taɓa ganin fuska irin taka ba. Ba ka jin tsoro?"

"Ku ma ai ba ku ji. Daga littattafanku na koya."

"Ni? Kowane wasa cikina kaɗawa yake! Tsoron ne ke gaya mini lokacin tashi. Shafin farko na rubuta shi. Ba ka karanta ba?"

Ya karanta. Ya tsallake ne, don ba lissafi a ciki.

Wayarsa ta yi ƙara. Hajiya Ramatou ce, ko gaisuwa babu. "Sa'idu, kana ina? Tun hantsi yarinyar nan ke firgita, yanzu ta shige ƙarƙashin gado tana kiran sunanka. Ka zo!"

Ya bar komai a teburin, ya ruga tashar jirgin ƙasa ta Part-Dieu. Awa biyu ne daga Lyon zuwa Paris. Ya zauna jikin taga, ya san abu ɗaya: kada ya ji tsoro. To, wane uba ne za a ce 'yarsa na mutuwa, ya hana cikinsa kaɗawa? Ya ja numfashi yana ƙirgawa kamar yadda littafi ya ce. Ya tuno 'yan yatsunta, tsoro ya taso, sanyi ya zuƙe. Ya ciji hannunsa har jini. Ya nemi addu'a, harshe ya ƙi juyawa. Tsoron kada ya ji tsoro ma tsoro ne. Ya taso, aka zuƙe. Kowane sanyi ya san inda ya sauka. Matar da ke gabansa tana ta karatun jaridarta, don ba ta ga komai a fuskarsa ba.

Saura minti goma su shiga Paris, tsoron ya sake tasowa. Ya hau maƙogwaro. Sa'idu ya jira sanyin.

Sanyi bai zo ba.

Ya ji leɓensa na ƙasa ya fara rawa, karo na farko cikin shekara guda. Najla ce ta ƙarshe, ba sauran wanda zai karɓa. Sanda wayar ta yi ƙara a aljihunsa, ya riga ya faɗi tsakanin kujeru yana kururuwa.

Yau in kun fito metro a Château Rouge za ku ga wani mutum cikin yagaggen kwat, rungume da littattafai uku, yana ƙwace takardun bokaye daga hannun mutane yana cusawa a baki. Kar ku dubi fuskarsa. Ba za ku ci abinci ba ranar.

Ku ji tsoron Allah, ku ji tsoron kwaɗayi. Duk wanda ya ce zai ba ku duniya bai nemi ko sisinku ba, ku tambaye shi abin da ya ɗauka. In ya ce mutum nawa ne a gidanku, ku tashi da gudu, ko takalmi kar ku tsaya ɗauka.