Dabinon Ramin Zinariya

Uwaisu mutumin Gusau ne, gwamnati ta turo shi Landan karatun ma'adinai a shekarun da kuɗin mai ya fara ambaliya a Najeriya. Karatun bai dame shi ba. Abin da ya dame shi shi ne ganin waɗanda yake kayarwa a aji suna sauka a tashar Charing Cross da manyan riguna, suna sayayya kamar gobe za a rufe kantuna, shi kuwa yana maƙale a wani ɗan flat a Tottenham da matarsa Shafa'atu da ƙanensa Almu. Zuciyarsa ta ƙi kwanciya. A bas tsaye yake tafiya ko da kujera, a kan sallaya ma bai iya jiran addu'a.

Da hutu ya zo ya ce zai je gaida tsofaffi, amma bai ko leƙa Gusau ba. Ya wuce Agadas, ya hau raƙumi, inda raƙumi ya turje ya taka da ƙafa cikin duwatsun Azbin, saboda ya ji labarin wani boka da ke zaune a kufan wata mahaƙar zinariya. Ya yi ta hawa har takalminsa ya yage. A can sama ya tarar da bangayen dutse ba rufi, da gugunan ƙarfe da tsatsa ta cinye, da bakin rami baƙi ƙirin yana huro iska mai sanyi da tsakar rana. An jera tsofaffin digogi a gefen ramin, kowace an ɗaura mata jan ƙyalle, jini ya bushe a bakinta.

Bokan bai amsa sallama ba. Ya yanka baƙin bunsuru, ya tura shi cikin ramin, suka yi ta saurare ba su ji faɗuwarsa ba.

"Zinariyar ba ta ƙare ba," in ji shi. "Masu haƙa ne suka ƙare."

Uwaisu ya ce in ma'aikata ake so zai ɗauko su daga Agadas.

"Ramin nan ba ya karɓar ɗan haya." Ya miƙo masa jakar fata cike da dabino. "Matafiyi ba ya komawa gida hannu rabbana. Ga tsaraba. Kai dai kada ka ci."

Uwaisu ba yaro ba ne, ya gane sarai: wanda ya ci dabinon shi ramin zai ɗauka. Ya raya a ransa cewa baƙin ido zai rabar wa a bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, mutanen da bai san sunansu ba. Sai dai ya manta yadda ake tarbar wanda ya dawo daga gida. Da ya koma Landan, kafin ya cire takalmi maƙwabta sun cika falo da sannu da zuwa, Shafa'atu kuwa ta buɗe kaya da kanta kamar yadda kowace matar gida take yi. Ta zuba wa Almu, ta cika faranti ta ba Rhoda, nas 'yar Jos da ke zaune a ƙasan benensu, sannan ita kanta ta ɗauki ɗaya ta kai baki.

"Malam, ashe ka tuna ina son na Azbin."

Magana ɗaya za ta ceci matar nan, kuma tana bakinsa. Ya haɗiye ta, ya ce ta ci.

Arziki ya zo da gudu: kwangilar siminti, ofis a Aldwych, gida mai lambu. Amma Almu ya fara tari, ya rame, ya rasu, likita yana mamakin huhun saurayi ɗan makaranta cike da ƙurar dutse. Rhoda ta bi shi da ciwo iri ɗaya. Shafa'atu kuma aka wayi gari tana tonon lambu da yatsu. Aka kulle ta a ɗaki ta ɗaye kafet, ta ɓamɓare katako, har faratanta suka zube. A asibiti ta cika, hannunta na yaƙushin katifa.

Tsoro da baƙin ciki suka kama Uwaisu. Ya watsar da komai ya koma dutsen don ya roƙa a sake su. Ba boka, ba alamarsa. Ya kwanta a bakin ramin ya kasa kunne. Can ƙasa ƙarar diga ce, da tarin Almu, sai muryar da ya sani:

"Malam, kai ne? Don Allah ka ce musu na gaji."

Buzaye ne suka tsince shi yana tonon dutse da hannu, bai sake sanin kowa ba.

Kai da ciwon arzikin wani ke hana ka sukuni, ka ji da kyau. Tsafi ba ya karɓar bare. Wanda ke cin abinci daga hannunka ba tare da tambaya ba, shi zai ɗauka.