Ranar da Aka Rasa Mai Cin Mushe

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Afrilu na 1961, da ƙarfe shida da kwata na yamma, Tukur ya ɗaure mushen karsanarsa a bayan takarkari, ya nufi kwari.

Rugarsu tana yamma da Wurma, gida shida da rijiya ɗaya a bakin rafi. Tun kaka da kakanni, in dabba ta mutu ba a yanka ba, sai a ja ta zuwa wani kwari tsakanin duwatsu, a ce, "Ga naku," a juyo ba waiwaye. Kafin asuba kuraye sun cinye. Dila ya kwashe saura, ungulu ta tsince ƙashi fes.

A watan Fabrairu kuraye suka kashe wa Tukur maruƙa biyu. Ya sayo wani farin garin guba a kasuwar Kurfi, ya cusa a cikin mushen jaki. Washegari aka ƙirga kura tara, dila huɗu, ungulu hamsin da uku, duk a miƙe.

"Maruƙa biyu fa, Tukur," in ji Baffa Yero, ƙanen mahaifinsa. "Ubanka ya yi asarar da ta fi haka, bai taɓa su ba."

"To Baffa, in 'yan'uwanka ne suka rasu, sai mu zo gaisuwa."

Aka yi dariya. Ba a jima ba ciwon harbin dawa ya shiga garke. Mushe goma sha ɗaya aka kai kwarin, ko ɗaya ba a taɓa ba. Kwarin kuwa cikin rafi yake zubar da ruwansa, dab da rijiya, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

A yammacin Larabar nan, wari ne ya tari Tukur tun daga nesa. Wari mai kauri, mai zaƙi-zaƙi, mai manne wa harshe. Ya ja rawani ya toshe hanci, ya shiga.

Shanun suna kwance sun kumbura, ƙafafu sama. Wasu sun fashe. Wani koren ruwa na bin tsagar dutse a hankali. Ƙudaje sun rufe fatun har ba a gane farar saniya da baƙa. Ya ji wata ƙaramar ƙara kamar yayyafi a kan busasshen ganye. Sai da ya duba ya ga tsutsotsi ne ke motsi.

Takarkarin ya turje.

Can tsakiyar mushen wata tsohuwa ce tsaye, da sandar kiwo da ƙwarya. Tana kira ƙasa-ƙasa, irin kiran da ake yi wa shanu lokacin tatsa. Ko ƙuda ɗaya bai sauka a jikinta ba.

"Sannu, Gwaggo. Ɓatan hanya kika yi?"

"Garkena nake nema," ta ce da raɗa. "Su tara ne. Ka gan su, ɗan nan?"

Tukur ya sunkuyar da kai.

"Ga abinci ya ishe su. Ba su taɓa makara ba."

Ta durƙusa. Ta zura hannu cikin wata saniya har gwiwar hannu. Abin ya yi tusa mai tsawo. Ta ciro baƙar hanta tana narkewa, ta zuba a ƙwarya, tsutsa na zubowa ta tsakanin yatsunta.

"Matso. Ba a barin aiki babu mai yi."

Ya so ya yi amai. Aman bai zo ba.

Yawu ne ya tsinke masa.

Warin ya juye masa ƙamshin balangu. Cikinsa ya yi ƙugi. Ya buɗe baki zai karanta Ayatul Kursiyyu, sai wata dariya ta fito, ba irin ta mutane ba.

Ya ga tafin hannunsa a ƙasa. Rarrafe yake yi.

"Yauwa," ta ce. "Ci, ɗan albarka."

Leɓensa ya taɓa bakin ƙwaryar. Da ɗumi.

Dariyar nan ce ta firgita takarkarin. Ya zabura, igiya ta tsinke daga jikin mushen, ta sarƙe ƙafar Tukur. Haka takarkarin ya yi ta jan sa kan ƙaya da tsakuwa har ƙofar ruga, ana kiran magariba a Wurma.

Matarsa Hawwa'u ta fito da fitila, ta haska shi, ta ja da baya.

"Malam, me ye wannan a gemunka?"

Da tsinke ta cire tsutsotsin ɗaya bayan ɗaya, tana kau da kai.

Da safe Tukur ya ɗauki galma shi kaɗai, don babu wanda ya yarda ya bi shi. Ƙasar bazara ta yi tauri kamar dutse. Mushe huɗu ya iya binnewa kafin ruwan farko ya sauka ranar biyu ga Mayu. Ruwan ya wanke kwarin tas, ya juye a rijiya. Mako bai cika ba amai da gudawa suka shiga gida shidan nan. Hawwa'u ta rasu ranar Juma'a da hantsi, Baffa Yero ya bi ta da la'asar. Gida huɗu suka kwashe shanunsu suka koma Tamawa.

Tukur bai sake kai nama bakinsa ba, ko na layya. Duk tarkon da ya gani a dawa sai ya kwance shi, ko na wane ne.

Da damina ta wuce, ga waɗanda suka rage a rugar: Tukur. Gogo Rabi, matar Baffa Yero, wadda ta ƙi barin kabarin mijinta. Shanu bakwai. Takarkari ɗaya. Sai wata gurguwar kura da ta gangaro daga wajen Shema, wadda Tukur yake zama a bakin kwari kullum da yamma yana jiran ya ji kukanta, kafin ya iya cin tuwo.