Jan Kumatun Piroska

Harshen fitilar ya karkata wajen ƙofa, alhali tagogi a rufe suke. Ni kaɗai ce a ɗakin zanena a Budapest, ina ƙarasa hoton yayata Piroska, wadda ta rasu bara. Na yi mata goshi kore, kumatu jajaye kamar barkono. Ba mu da wani hotonta.

"Etelka, kankare jan nan."

Wata mata ce tsaye a bayana, mayafi ya rufe fuskarta. Ban ji hawowarta matakala ba, muryarta kuma kamar daga ƙasan rijiya.

"Baiwar Allah, wa ya buɗe miki?"

"Mai fuskar nan fara fat ta mutu. Zana gaskiya, sarkin taurin kai."

Ni da ko a aji ba na iya ɗaga ido, sai na dangwalo ja na ƙara a kumatun.

"Wata uku ta yi fara. Shekara ashirin da shida tana ja. Ba zan kankare ba."

Ta matso, ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta yi tari sau biyu, gajeru, irin wanda na sha ji ta bangon ɗakinmu lokacin jinyar Piroska.

Ta gyara mayafinta, ta fita.