Ɗakin da Ba Ya Yoyo

Ana gab da magariba na ɗauki kular abinci na nufi shagon mijina, Baban Auta. Aikinsa lulluɓe na'urorin sadarwa da tagulla, don kada sigina ta yi yoyo ta shiga inda ba a gayyace ta ba. Mutum ne da zai bar rufin gidanmu yana zuba, ya wuni yana liƙe ramin da ko allura ba za ta shiga ba. Na sha yi masa tsiya a kan haka.

Tun farkon damina wata murya ke kiran 'yarmu Auta. Rediyo ko a kashe yake sai ya yi shuu, a ce, "Auta, zo." Waya ma haka. Yarinya ta rame, sai idanu. Mun yi addu'a, mun yi magani. Shi kuwa ubanta abin da ya iya ya yi. Ya haɗa ɗan ɗaki a cikin shagon, fallen tagulla sama da ƙasa, kowace mahaɗa ya bi ta da dalma.

Na same su shi da Auta, shagon duk ƙaurin dalma. Ya ce mu shiga ya nuna mini yadda suke gwaji. Ya kunna ƙaramin rediyo mai batir, waƙa na tashi, ya ja ƙofar ta rufu gam. Waƙar ta mutu.

"Kin ji ko?" ya ce a hankali. "Babu abin da zai shigo mata nan."

Har na fara jin sanyi a raina. Sai na ga allurar mitar auna sigina da ke hannunsa tana motsi.

Ya juya mitar wajen bango, allura ta kwanta. Wajen ƙofa, ta kwanta. Ya juya ta wajen Auta, allura ta miƙe har ƙarshe.

"Maman Auta," ya raɗa mini, "ba daga waje take zuwa ba."

Rediyon ya yi shuu.

"Auta, zo."

Tagullar da ke hana shiga ita ke hana fita. Muryar ta bugi bango ta dawo, ta sake dawowa, har ta cika ɗakin. Warin ƙonannen gashi ya tashi. Cikon ƙarfen da ke haƙorina ya ɗauki zafi.

Auta ta ƙwalla ƙara.

Ƙofa ta ƙi. Ya sa kafaɗa, ya sake sawa. Ta buɗe. Na fizgo yarinyar muka zube a waje.

Masu wannan sana'a ba sa barin ƙofar tagulla a buɗe, hannunsu ya saba. Yana fitowa, kafin ya yi tunani, ya maida ta gam.

Ihun Auta ya yanke a tsakiya.

Bakinta a buɗe, jijiyar wuyanta a miƙe, amma babu sauti.

Tun daga ranar muryar ba ta sake kiran kowa ba, Auta kuma ba ta sake cewa uffan ba. Tana ci, tana bin mu da ido. Rediyon nan mun baro shi a ciki. Idan na manna kunne a jikin tagullar ina jin 'yata tana cewa "Umma," ɗayar muryar kuma tana rarrashinta.

Na ce ya huda ko ɗan rami ne. Ya ce ramin da zai fitar da ɗaya zai fitar da biyu, kuma bai san wadda za ta riga isa bakin yarinyar ba. Kullum yana zaune gaban ɗakin da abin huda ƙarfe a cinya, ya kasa.

Ga shi batir ya fara sanyi. Jiya sai da na riƙe numfashi kafin na ji ta.

Na daina yi masa tsiya. Rufin gidanmu har yau yana zuba. Ɗakin nan kuwa, ko ɗigo.