Goyon da Inno Ta Ɗauko Daga Kuberi

Inno Balkisu ce ke riƙon yara a wani gidan marayu da ke bayan garin Jega. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma baki ashirin da bakwai ke ci daga tukunyarta. Ran wata Laraba aka aike ta Kuberi ta ɗauko jaririya Khairiyya, wadda uwarta ta rasu wurin haihuwa.

A hanyar dawowa tayar babur ɗin da ta hau ta sace, daidai gonakin albasa. Labbo mai kabu-kabu ya tura abinsa neman mai faci, ya bar ta da goyo a gindin wata rumfar albasa. Rana ta yi ja. Magariba kuwa, kowa ya sani, ba lokacin tsayuwar mai goyo ba ne a daji.

Kwaɗin fadama suka yi tsit lokaci guda. Warin ruɓaɓɓiyar albasa ya ɗauke, wani ƙamshi ya taso, irin na turaren da ake sa wa likkafani.

"Sannu da goyo."

Wata doguwar mata ce tsaye a bayanta, ta ja lulluɓi har haɓa. Busasshen ganye ne ko'ina, amma Inno ba ta ji takunta ba.

"Wagga yarinya, wa ad da ita?"

To, bakin Inno ya riga ya saba. Shekara goma abin da take gaya wa masu kawo sadaka ke nan, don zuciyarsu ta yi taushi. Kafin ta ankara maganar ta fito:

"Marainiya ta, baiwar Allah. Ba ta da kowa."

"Madalla," in ji matar a hankali. "Irinsu nika biɗa."

Ƙullin majanyi ya fara kwancewa da kansa. Inno ta damƙe. Bayanta ya ɗauki sanyi. Nauyin yarinyar na raguwa, kamar buhun gero da ya huje.

Khairiyya ta daina motsi.

Innalillahi! Inno ta wafto goyon gabanta, ta ƙanƙame, ta kwarara ihu:

"Ƙarya nika yi! Ɗiyata ta! Ni ad da ita!"

Matar ta sunkuyo har lulluɓinta ya taɓa kuncin Inno.

"To. Za ni riƙa zakkuwa ina tambaya. Ita da sauran."

Sai Khairiyya ta tsala kuka. Fitilar Labbo ta hasko hanya, babu kowa.

Tun daga ranar Inno ta hana a ce wa yaro maraya a gidan. Kullum da magariba takan tsaya jikin katanga, ta kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, kowanne ta ce, "Ni ad da shi." Sauran ma'aikata na yi mata dariya, don ba sa jin mai tambayar daga waje.

Bana ciwon ƙirji ya kama ta, muryarta ta fara dishewa. Wallahi ba mutuwa take tsoro ba. Abin da ke sa ta kuka, har yau ba ta sami wanda zai riƙa amsawa a bayanta ba.