Saura Babi Ɗaya

Da almurun wata Laraba Afiniki tana bakin murhu tana tuƙa tuwon acca, mijinta Silvanus yana ɗaki yana dukan tafiretarsa kamar kullum, sai dutse ya faɗo kan kwanon gidan. Ta ɗauka masu jifan mangwaro ne. Ta fita da muciya a hannu ta leƙa bayan katanga, ba kowa sai kaji suna neman wurin kwana. Tana tsaye wani dutsen ya sake faɗowa a gaban ƙafarta, da zafinsa kamar daga wuta aka ciro shi.

Silvanus bai ko leƙo ba. Tun da ya yi ritaya daga koyarwa ya duƙufa rubuta tarihin ƙauyensu, ya kuma rantse ba zai taɓa kwamfuta ba, wai in bai ji ƙarar ƙarfe ba tunani ba ya zo masa. 'Yarsu Hulda, wadda ke aikin jinya a nan Kafanchan, ta saya masa laftof, ya jefa shi kan kabad. Tafiretar kuwa a Kwoi ya samo ta, a siton wata makarantar koyon buga rubutu da ta daɗe a rufe. A bayan acaɓa ya kawo ta, rungume kamar jaririya. Kullum yana goge ta da kananzir, yana shafa wa ƙyallen ribin ɗinta tawada da gashin kaza. Afiniki ta tsani ƙarfen nan tun ranar da ya shigo gidanta, ba ta kuma ɓoye ba.

Ita ce ta fara lura. Da rana ta faɗi ya fara bugu, sai jifa ya fara. Da ya tsaya, sai gidan ya yi tsit, irin shirun da ke sa mutum ya ji bugun zuciyarsa. Ta faɗa masa, ya ce mace mai zuwa zumuntar mata bai kamata ta riƙa irin wannan magana ba. Daga baya aka fara jin murya a bayan ƙofar ɗakin rubutun, ƙasa-ƙasa, tana zagi da wani harshen da ba na kowa ba.

Sannan abin ya sauka kan Hulda. Ta dawo daga aiki, ta zauna kan benci tana cire takalmi, sai ta kama kanta da hannu biyu. Duk harafin da uban ya buga a ɗaki, sai jikinta ya zabura kamar ita ake duka. In ƙararrawar ƙarshen layi ta kaɗa, wuyanta ya fizge gefe. Silvanus ya fito ya taɓa goshinta, ya ce maleriya ce. Afiniki ta dube shi, ta ji kamar ta kwaɗa masa muciya. Ta yafa mayafi ta tafi neman Baba Azariya.

Azariya tsohon mai bishara ne, ya yi shekaru yana fama da masu irin wannan ciwo. Ya zo washegari da yamma, ya sa aka zaunar da Hulda a tsakar gida, aka ajiye tafiretar a gabanta. Ya gargaɗe su abu ɗaya: komai abin ya faɗa, kada wanda ya amsa masa, don da aljani ba a ciniki.

Ya yi karatu, ya yi addu'a har haske ya fara gushewa. Sai Hulda ta ɗago kai, murya ta fito daga bakinta, ta namiji, kausassa, cike da ƙiyayya. Aljanin ya ce cikin ƙarfen nan gidansa ne. Yana kwance cikin duhu lafiya lau aka ɗauko shi, aka buɗe shi a haske, ana wanke shi da kananzir, ana dukan kansa kowace yamma. Shi ma kan da aka fi so a gidan zai daka har sai ya fashe.

"Cikin sunan Yesu za ka fita," in ji Azariya.

"Zan fita," muryar ta ce. "A mayar mini da gidana yau, a rufe, kada a ƙara buɗewa. In ba haka ba, na sami sabo."

Afiniki har ta miƙa hannu za ta ɗauki ƙarfen, sai ta ji mijinta ya yi gyaran murya.

"Baba, a tambaye shi," Silvanus ya ce. "Saura capta ɗaya kawai, babin ƙarshe. Ko zai iya jira zuwa Satide, Asabar ɗin nan?"

Azariya ya runtse ido. Muryar ta yi dariya, doguwa, mai daɗi, ta wanda aka ba abin da ya fi wanda ya roƙa.

"Riƙe ƙarfenka, malam. Ban toshe mata kunne ba, tana nan ciki tana ji."

Iska ta taso ta buga ƙofar gida. Hulda ta sulale a jikin uwarta, jiƙe da zufa, kuma daga ranar dutse bai ƙara faɗowa ba.

Da ta farfaɗo Silvanus ya durƙusa kusa da ita yana cewa ba haka yake nufi ba, tsoro ne ya ruɗa shi. Hulda ta dube shi da idanunta na gaskiya, babu hawaye. Afiniki ta gwammace a ce aljanin ne ke kallonsa haka.

"Dadi, je ka gama," ta ce. "Kana da lokaci har Satide."

Da safe Hulda ta haɗa kayanta ta koma gidan ƙanwar uwarta a Kagarko. Silvanus ya zauna gaban tafiretar da farar takarda a ciki har rana ta faɗi, bai buga ko harafi ɗaya ba. Afiniki ta ajiye masa tuwo a bakin ƙofa, ta tafi ta ci nata a kicin.